Yadda Za Ka Shirya Littafinka Na Farko Don Kyaututtukan Sabbin Marubuta

Marubuci zai iya rubuta littafi goma ko ashirin, amma na farko guda ɗaya ne, kuma akwai kyaututtukan adabi da aka ware wa wannan littafin shi kaɗai. Da zarar shekarar da ya fito ta wuce, ƙofar yawancinsu ta rufe ke nan har abada. Abin da ya fi damuna shi ne littattafai masu kyau da yawa ba sa ma kaiwa gaban alƙalan gasa, balle a ce sun faɗi. Wani an buga shi ta hanyar da sharuɗɗa ba su yarda da ita ba. Wani kamfanin da ya buga shi ne bai tura ba. Wani kuma marubucin bai ji labarin kyautar ba sai da wa'adi ya cika. Duk ana iya kauce wa waɗannan, in dai an fara shiri tun littafin bai shiga maɗaba'a ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: ka tantance ko har yanzu kai sabon marubuci ne

Kada ka yi saurin cewa e. Kowace kyauta da irin ma'auninta. Wata cewa take yi littafin ya zama shi ne na farko da ka taɓa bugawa, ko wane iri ne. Wata kuwa ba ruwanta da abin da ka buga a baya, muddin wannan ne ƙagaggen labarinka mai tsawo na farko. Wata ta keɓanta ga tarin gajerun labarai na farko, kamar kyautar PEN/Robert W. Bingham ta Amurka.

Dubi Petina Gappah, marubuciya 'yar Zimbabuwe. A 2009 ta ci kyautar littafin farko ta jaridar Guardian da tarin gajerun labaranta. A 2016 kuma ta ci kyautar McKitterick, wadda ake ba wa dogon ƙagaggen labari na farko. Shekara bakwai tsakani, kuma duka biyun ta cancanta, domin ta farko littafi take ƙirgawa, ta biyu kuwa nau'in littafin. Wanda bai san wannan bambanci ba zai iya cire kansa daga gasar da yake da haƙƙin shiga, ko ya ɓata lokaci a kan wadda tun farko ba tasa ba ce.

Don haka ka ɗauki takarda ka rubuta duk abin da ya taɓa fitowa da sunanka, ko da sunan aro. Ɗan ƙaramin littafin waƙoƙi da ka buga kana ɗalibi, labarin da ka ɗora a Amazon ya yi wata biyu ka sauke, littafin da kuka rubuta ku biyu, littafin yara, kundin digiri da wata maɗaba'a ta mayar littafi. A gaban kowanne ka rubuta shekara, da yawan shafuka, da ko yana da lambar ISBN, wato lambar nan mai alƙaluma 13 da ke saman layukan baƙi a bangon baya. Wannan lamba tana barin sawu a rumbunan bayanan littattafai, ko da littafin ya daɗe da ɓacewa a kasuwa. Gajeren labari a mujalla ko a cikin kundin marubuta da yawa galibi ba ya hana ka zama sabo. Littafin da ka buga da kanka kuwa, a nan ne ake samun saɓani: wasu kyaututtukan suna ƙirga shi, wasu suna kawar da kai.

In ka ga sharaɗi bai fito fili ba, ka rubuta wa masu gasar gajeren saƙo, ka faɗi gaskiyar abin da ka buga, ka tambaya. Ka adana amsarsu. Ɓoye tsohon littafi ba dabara ba ce. In aka gano bayan sunanka ya fito a jeri, za a cire ka a bainar jama'a, kuma wannan tabo ya fi rashin kyautar ciwo.

Mataki na biyu: ka fitar da kyaututtukan da suka dace da kai

Abu huɗu ne suke tace mutane: ƙasa, shekaru, harshe, da irin littafin.

Ƙasa ce ta fi tsauri. Kyautar PEN/Hemingway, wadda Mary Hemingway ta kafa a 1976, ta marubutan Amurka ce. Kyautar Center for Fiction da ke New York, wadda ta fara a 2006, tana duba ƙagaggun labaran farko da aka buga a Amurka. Kanada tana da nata, kamar kyautar Kobo ta sabbin marubuta, mai ɓangaren ƙage da na rubutun gaskiya. Faransa tana da Goncourt ta ƙagaggen labarin farko, ga abin da aka rubuta da Faransanci. Ka lura da kyau: wata kyautar fasfo ɗinka take tambaya, wata inda kake zaune, wata kuma inda aka buga littafin. Uku ne daban-daban, kuma mutum zai iya cika ɗaya ya rasa biyu.

Batun shekaru kuwa, a nan nake so masu ganin sun makara su saurara. Gaskiya ne akwai kyaututtukan matasa. Betty Trask, wadda ƙungiyar Society of Authors ta Birtaniya take bayarwa tun 1984, ta 'yan ƙasa da shekara 35 ce. Amma ita wannan ƙungiyar ce take ba da McKitterick ga wanda ya haura 40, da kyautar tunawa da Paul Torday ga wanda ya kai 60. Ita ma Royal Society of Literature tana da kyautar Christopher Bland ta fam 10,000, wadda aka fara bayarwa a 2019, ga wanda ya buga littafinsa na farko yana da shekara 50 ko fiye, ƙage ne ko gaskiya. Mutumin da ya yi ritaya sannan ya zauna ya rubuta abin da ya gani a rayuwa, an tanadar masa wuri, kuma ina ganin hakan ya dace ƙwarai.

Masu rubutun gaskiya, wato tarihi, tarihin rayuwa, binciken jarida, kimiyya da makamantansu, kasonsu ya fi ƙanƙanta, amma yana nan. Kyautar John Leonard, wadda ƙungiyar masu sharhin littattafai ta Amurka ta kafa a 2013, tana ɗaukar littafin farko ko wane iri ne. Kyautar William Saroyan, wadda ɗakunan karatu na Jami'ar Stanford suke bayarwa duk bayan shekara biyu, tana da ɓangare biyu, ƙage da gaskiya, don sabbin marubuta da masu tasowa. Akwai kuma kyautar ƙungiyar Biographers' Club a Birtaniya, ta littafin tarihin rayuwa na farko.

Ka kuma ware waɗanda ba a neman su. John Leonard mambobin ƙungiyar ne suke gabatar da sunaye. Shirin 5 Under 35 na gidauniyar National Book ta Amurka, wanda ya fara a 2006, marubutan da gidauniyar ta taɓa karramawa ne suke zaɓen matasan. Irin waɗannan babu fom ɗin cikewa. Abin da za ka iya yi kawai shi ne ka tabbatar littafin ya isa hannun masu sharhi.

Harshe ba ya buƙatar dogon bayani. In littafinka fassara ce, ka duba ko suna karɓar fassara, domin da yawa ba sa karɓa.

Mataki na uku: ka tabbatar kyautar tana raye

Kyaututtuka suna mutuwa, amma sunayensu suna ci gaba da yawo a tsofaffin jerin da ke intanet. Ta Guardian ta gudana daga 1999 zuwa 2015, aka rufe ta. Kyaututtukan Costa, masu ɓangaren ƙagaggen labarin farko, an tsayar da su a 2022 bayan shekara 50. Kyautar Etisalat, wadda aka kafa a 2013 don littafin ƙage na farko na marubutan Afirka, mai fam 15,000, ta koma 9mobile, daga baya ta yi shiru. Sabbi kuma suna fitowa: Waterstones, mai shagunan sayar da littattafai a Birtaniya, ta fara tata a 2022, kyaututtukan Nero a 2023. Ka je shafin masu gasar da kanka, ka ga sunan wanda ya ci bara, ka karanta sharuɗɗan bana. Na bara ba hujja ba ne, domin ana sauya su.

Mataki na huɗu: kafin ka buga, ka tsaya

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Mutum ya gama rubutu bayan shekaru yana fama, zumuɗi ya ɗebe shi, cikin mako guda ya ɗora littafin a kasuwar intanet. Ban ga laifin mai wannan zumuɗi ba. Sai dai ya sani cewa manyan kyaututtukan littafin farko da dama ba sa karɓar littafin da marubuci ya buga da kansa, wasu kuma ba sa karɓar wanda ya fito a waya da kwamfuta kaɗai ba tare da na takarda ba. Ga shi kuma ya riga ya kashe damarsa ta zama sabo a idon wasu. Buga littafi da kanka hanya ce mai mutunci, kuma ta yi wa mutane da yawa rana. Abin da nake roƙo kawai shi ne ka zaɓe ta da idonka a buɗe, bayan ka san abin da za ka bari.

Akwai kuma kyaututtukan da rubutun da ba a buga ba suke nema. Kamfanin Graywolf na Amurka yana da kyautar ƙagaggen labarin farko ga marubutan Afirka mazauna nahiyar, kuma ladan shi ne kuɗi da buga littafin. Restless Books yana da makamanciyarta ga marubutan da suka yi ƙaura zuwa wata ƙasa, ta ƙage da ta gaskiya. Betty Trask da McKitterick an san su da karɓar wanda aka buga da wanda ba a buga ba. Kyautar Giles St Aubyn ta Royal Society of Literature ma ta fi ban sha'awa: ana ba da ita ne ga wanda ya samu yarjejeniyar littafin gaskiya na farko alhali yana tsakiyar rubutu, don ya samu abin yin bincike da tafiye-tafiye. Duk waɗannan, ranar da littafinka ya fito kasuwa wasunsu sun wuce ka. Su za ka fara gwadawa.

Mataki na biyar: ka zauna da kamfanin ɗab'i

A yawancin manyan gasanni, kamfanin da ya buga littafi ne yake tura shi, ba marubuci ba. Sau da yawa kuma ana ƙayyade wa kowane kamfani adadin da zai tura. Ke nan gasarka ta farko a cikin gida take, tsakaninka da sauran sabbin marubutan kamfanin na wannan shekara.

Tun kafin ka sa hannu a yarjejeniya, ka tambayi edita kai tsaye: waɗanne kyaututtuka kuka saba turawa? Wa yake kula da wannan aiki? Wa zai biya kuɗin shiga da na aika kwafe? In littafin ya kai jerin ƙarshe aka nemi ƙarin kwafe, ko aka nemi marubuci ya halarci biki, wa zai ɗauki nauyi? Ƙananan kamfanoni mutum biyu ko uku ne ke riƙe da komai, kuma ba mugunta ke sa su manta ba, aiki ne ya yi musu yawa. Ka sauƙaƙa musu. Ka kai musu shafi ɗaya mai ɗauke da sunan kowace kyauta, ranar rufewa, yawan kwafen da ake so, da dalilin da ya sa ka cancanta. Wata guda kafin kowane wa'adi, ka tuna musu cikin ladabi.

Sai ranar fitowar littafi. Kowace kyauta tana da iyakar lokaci: wata daga Janairu zuwa Disamba, wata daga tsakiyar shekara zuwa tsakiyar ta gaba. Ka buɗe shafin nan da ke bayan shafin take, inda ake rubuta haƙƙin mallaka da ƙananan haruffa. Shekarar da ke wurin, da ranar da kamfani ya sanar a matsayin ranar fitowa, su masu gasa za su duba. Littafin da aka rubuta masa shekarar bana amma bai shiga kasuwa ba sai baɗi yana iya faɗawa tsakanin zagaye biyu, ya rasa duka. Wasu gasannin kuma suna rufewa tun littafin bai fito ba, sai su karɓi kwafin gwaji. In haka ne, dole gyara ya kammala da wuri.

Mataki na shida: littafin kansa

Alƙalan gasa mutane ne, galibi uku zuwa biyar, marubuta da masu sharhi da masu sayar da littattafai, kuma an jibge musu tarin littattafai su karanta cikin 'yan watanni. Ka sa wannan a ranka lokacin da kake gyara babin farko. Shafuka talatin na share fage kafin labari ya motsa, alƙalin da ya gaji ba lalle ya jira ba. Ba ina nufin ka buɗe da ihu ko gawa ba. Ina nufin tun daga shafin farko mai karatu ya ji cewa akwai wanda ya san inda zai kai shi.

Abin da ake nema a littafin farko shi ne murya. An san sabon marubuci zai yi tuntuɓe a wani wuri, kuma ana yafe tsakiyar da ta ɗan yi sanyi in muryar ta mai ita ce. Abin da ba a cika yafewa ba shi ne kwaikwayo. Kada ka karanta waɗanda suka ci a baya don ka ɗinka irin nasu. Alƙalai suna sauyawa kusan kowace shekara, kuma abin da ya burge na bara wataƙila ya ishi na bana. Ka karanta su don ka san ko littafinka yana da dangi a wannan gida.

Mai rubutun gaskiya yana da ƙarin kaya a kai. Kowane suna, kowace shekara, kowace magana da ka jingina wa wani, ka koma ka tabbatar da ita daga tushe. Ka ajiye faifan hirarraki da takardun da ka dogara da su. Hoto, taswira, ko dogon yanki daga aikin wani, ka nemi izini a rubuce. In tarihin rayuwarka ne kuma ka sauya sunaye ko ka haɗa mutum biyu suka zama ɗaya, ka faɗa a farkon littafi. Kuskure ɗaya da masani a cikin alƙalai ya kama ya isa ya sa ya fara shakkar sauran shafukan.

Kurakuran rubutu kuwa, ka ba wani ya duba. Idonka ya saba da su, ba zai gan su ba.

Mataki na bakwai: turawa

Ka bi umarni harafi da harafi. In an ce kwafi biyar, biyar. In an ce PDF, kada ka tura wani abu daban. In gasar rubutun da ba a buga ba ce kuma aka ce a cire suna, ka cire shi daga kan shafuka, daga sunan fayil, har daga shafin godiya inda mutum kan tona kansa bai sani ba. Gasanni da yawa suna karɓa ta dandalin Submittable, kuma agogonsa da lokacin ƙasar masu gasa yake aiki, don haka sha biyun darensu ba lalle ya zama naka ba. Ka tura saura kwanaki. In littattafai ne za su bi ta gidan waya, ka duba ko ranar aikawa ake ƙirgawa ko ranar isa.

In an nemi taƙaitaccen labari, ka faɗi abin da ya faru har ƙarshe, ba tallan bangon baya ba. In an nemi tarihinka, layi huɗu ko biyar sun wadatar.

Mataki na takwas: ka gane gasar bogi

Sabon marubuci yana ƙishin a ce ya iya, kuma akwai masu cin abinci da wannan ƙishi. Kuɗin shiga shi kaɗai ba alamar zamba ba ne, domin kyaututtuka na gaske da dama suna karɓa, wasu ma suna yafe wa wanda ba shi da hali in ya nema. Amma ka yi hattara in ka ga gasa mai rukunai barkatai har kusan kowa ya ci wani abu, ba a faɗi sunayen alƙalai ba, kuɗin shiga mai tsada ne ladan kuwa takardar shaida ce, sannan a ce ka sayi tambarin da za ka manna a bango. Ka yi hattara da saƙon da ya zo yana taya ka murnar gasar da ba ka shiga ba. Mafi haɗari shi ne sharaɗin da ke cewa da zarar ka shiga, haƙƙin buga aikinka ya koma hannunsu. Ka nemi wannan layi a cikin sharuɗɗa, in ka gan shi ka fita. Shafin Writer Beware, wanda ke aiki tun 1998, yana bin diddigin irin waɗannan, kuma ƙungiyar Alliance of Independent Authors tana da jerin da take auna gasanni.

Mataki na tara: bayan an fitar da sunaye

Yawanci ana fara fitar da dogon jeri, sannan gajere, sannan wanda ya ci. In an sanar da kai a asirce kafin ranar sanarwa, ka kama bakinka har ranar. Shiga dogon jeri ma abin amfani ne: ka sa shi a tarihinka, ka roƙi kamfani ya rubuta shi a bango in za a sake bugu, ka tabbatar akwai kwafe a kasuwa a makon da za a sanar, domin a lokacin ne mutane za su nema. Masu fassara da kamfanonin wasu ƙasashe suna bin waɗannan jerin, don haka ka san tun yanzu ko haƙƙin fassara yana hannunka ko yana hannun kamfani. In ka ci kuɗi, ka tambayi masani game da haraji kafin ka taɓa su.

In sunanka bai fito ba, akwai sauran aiki a wannan shekarar. Littafin farko yana da damar shiga manyan gasannin da ba su keɓanta ga sababbi ba. Kyautar Booker kanta littattafan farko sun cinye ta a 1997, da 2008, da 2020. Ka koma kan takardar da ka kai wa kamfani, ka ƙara mata kyaututtukan kowa da kowa, da na yankinka, da na fannin da ka yi rubutu a kai, ka duba waɗanda wa'adinsu bai cika ba.